Shin Ko Kun San Abin Da Ke Kwance A Ƙasan Bahar Maliya?

Shin ko kun san tekun nan da alhazai suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, akwai motoci a ƙasansa? Ƙwarai kuwa, motoci! Ku gyara zama.

Dab da Fot Sudan akwai wani jirgin ruwan Italiya mai suna Umbria, kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu. Tsawonsa ya haura mita 150. Kun san abin da ke cikinsa? Bama-bamai kusan 360,000! Har gobe suna nan a jibge, ga kuma motocin Fiat guda 3.

Wa ya nutsar da shi? Ma'aikatansa da kansu! A watan Yunin 1940 sojojin Ingila suka tsare jirgin. Kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi. Sai ya sa aka buɗe wa ruwa hanya, don kada makaman su faɗa hannun abokan gaba.

Ku matsa arewa, ɓangaren Masar. Can Thistlegorm yake, jirgin Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka yi wa ruwan bam a Oktoban 1941. Mutum 9 suka rasa rayukansu. A inda yake, a zurfin mita 30, mai nutso zai ga babura a jere, da manyan motocin soja, da bindigogi, da takalman roba. Wani abin mamakin ma, kan jirgin ƙasa har guda 2! Ƙarfin fashewar ne ya yi cilli da su, ɗaya dama, ɗaya hagu.

To, wa ya gaji jiragen? Murjani da kifaye. Sun mamaye ƙarfen sun mai da shi gida.

Af, murjanin ma fa dabba ne! Kun ɗauka dutse ne ko? Wasu mitsi-mitsin halittu ne ke gina shi sannu a hankali. Tsibin murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun mafaka. Ikon Allah!

Akwai kuma kifin aku, mai baki kamar na aku. Yana gurgurar murjani, ya kasayar da farin rairayi. Ku gaya wa na kusa da ku wannan.

Mu koma kan masu nutso. Jini fa? Idan mai nutso ya yanke a can ƙasa, kore-kore zai ga jininsa, domin jan launi ne ruwa ke fara haɗiyewa.

Kada ku ɗaga masa babban yatsa da nufin yabo. A wurin masu nutso ma'anarsa ita ce, mu hau sama!

Kuma ba a fitowa daga nutso a wuce filin jirgi. Sai an jira awanni, da yawa ma kwana guda suke yi, iskar da ta shiga jini ta fice tukuna.

Ga wadda ta fi burge ni. A 1963, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, cikin Sudan. Mutanensa suka yi wata guda cur a zurfin mita 10, suna ci, suna barci. Har aku suka sauka da shi!