Yadda A Ke Jona Waya Da Kwamfuta

Jama'a, zancenmu na wannan mako ba na taki ba ne, ba kuwa na iri ba, amma ya shafe su duka. Wani magatakardan ƙungiyar manoma a Saulawa ya ce mini sun sayi kwamfuta, amma duk ran da za a aika da sunayen manoma ta intanet sai ya hau babur zuwa Ikara, wani lokaci har Zariya. Ya ce ko da wata dabara? Akwai kuwa, tana cikin aljihunsa.

Mai noman rani ya san injin ban ruwa da mesa. To, babbar wayarka ita ce injin, ita ke jawo intanet daga dogon ƙarfen kamfani. Kwamfuta ita ce gona. Abin da ya rage shi ne mesar da za ta kai ruwan.

Da fari sai ka sa data a waya. Tun 2023 lambar duk ɗaya ce, ko MTN, ko Airtel, ko Glo: *312# don saye, *323# don duba abin da ya saura.

Hanya ta ɗaya ita ce igiyar caji. Ka soka kai ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta. Sa'an nan ka shiga wurin saitin waya, ka nemi inda aka rubuta USB tethering, ka kunna. Wannan ta fi, domin wayar tana aiki tana samun caji. In ta ƙi, sake igiya, gama waɗansu na caji ne kaɗai.

Hanya ta biyu ba igiya. A wurin nan dai za ka ga Hotspot. Ka kunna, ka sa kalmar sirri wadda ba ta gaza harafi 8 ba. Sunan wayarka zai fito a kwamfuta, ka zaɓe shi, ka rubuta kalmar. Amma fa wannan tana shan batir, tana kuma sa waya zafi. In sabis ba ƙarfi, ajiye wayar a taga ko bisa katanga, kada ta yi nisa da kwamfutar.

Ga gargaɗi. Kwamfuta ta fi waya ƙishirwa ƙwarai. Da ta ji intanet sai ta shiga sabunta kanta, datar wata guda ta ƙare kafin la'asar. Saboda haka in mai Windows ce, kunna Metered connection, watau ka sanar da ita ruwan na awo ne. Kada ka bar Hotspot ba kalmar sirri, gona ba shinge ta kowa ce. In ka gama ka kashe, kamar yadda a ke toshe kwami in ya cika.

Mene ne amfanin wannan ga manomi? Hukumar NiMet ta kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a ga lokacin da a ke sa ran ruwa zai zauna, kada a yi asarar iri. Makarantar binciken noma ta Samaru tana da irin masara da a ke kira SAMMAZ, a karanta bayaninsu kafin a saya. Kun kuma tuna 2016, da tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Yau in mai tumatir a Ikara, ko mai rake a Maƙarfi, ko mai dankali a Kudan ya ga baƙon ciwo a ganye, sai a ɗauki hoto a aika wa malamin gona nan take. A fuskar kwamfuta hoto ya fi fitowa sosai, mutum goma su duba tare.

Magatakarda, a gwada tun yau, kada a bari sai ran da a ke rufe karɓar sunaye. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sabuwar dabara ma tana rage kuɗin mai. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.