Ko Ka Sani? Gadar da Ake Share wa Fili Kafin a Kafa Ta

Ko ka san cewa a manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da na inshora, kwamfutoci da yawa ba sa magana da juna baki da baki? Saƙo suke ajiye wa juna a layi. Wadda ta gama aikinta sai ta rubuta saƙo ta jefa, ta ci gaba da sabgarta. Ɗayar kuma, ko a lokacin a kashe take ko aiki ya sha mata kai, in ta samu sarari sai ta zo ta ɗauka. Kamar dai yadda ake kai ƙunshi tasha a damƙa wa ɗan kamasho, a rubuta suna a jiki, mai shi ya zo ya karɓa gobe ko jibi.

Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki ta kamfanin IBM ce. An ƙera ta a ɗakin bincikensu na Hursley da ke Ingila, ta fito a 1993 da sunan MQSeries, aka sauya mata suna zuwa WebSphere MQ a 2002, sannan a 2014 ta koma IBM MQ kawai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rumbun bayanai, inda ake adana ainihin lissafi: wane ne ke da nawa, wa ya biya, wa ake bi. Nan kuma Oracle ne ya yi fice, kamfanin da Larry Ellison da abokansa biyu, Bob Miner da Ed Oates, suka kafa a 1977. Kamfani daban, ɗabi'a daban, kuma ba a yi ɗaya don ɗaya ba. Shi ya sa Oracle ya ƙera wata 'yar manhaja, Oracle Database Gateway for WebSphere MQ, wadda ke zama gada tsakaninsu. Da ita, mai rubuta umarni a cikin rumbun zai iya buɗe layi, ya jefa saƙo, ya ɗauko wani, ya rufe, ta hanyar kira huɗu: MQOPEN da MQPUT da MQGET da MQCLOSE. Kada a rikita ta da Oracle Messaging Gateway, wadda suna ya so ya zo ɗaya amma aikinta kwashe saƙonni ne tsakanin layukan cikin Oracle da na waje.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ɗora gadar kanta ba wani dogon aiki ba ne. Danna nan, danna can, an gama. Inda gumin yake shi ne kafin a fara.

Babbar tambayar da manhajar girkawa za ta yi maka ita ce: manajan layin nan, wato shirin da ke riƙe da layukan, a kan na'ura ɗaya yake da gadar ko a wata? Amsar ce ke zaɓar wanda zai yi aiki cikin shirye-shirye biyu da gadar ta zo da su. In a gida ɗaya suke, dg4mqs ne, wanda ke haɗuwa da manajan kai tsaye. In kuwa manajan na can wani wuri, dg4mqc ne, kuma dole a riga an ɗora ƙaramar manhajar IBM ta mai neman hulɗa a kan na'urar, an san sunan hanyar da za a bi, an san adireshi da lambar ƙofa. Bisa al'ada MQ na sauraro a ƙofa ta 1414, Oracle kuma a ta 1521. Lambobi biyu ne kawai, amma in mai kula da katangar tsaro bai buɗe su ba, za ka kwana kana zargin gada alhali ko ƙofar gidan ba ta kai ba.

Gyaran na'urar kanta kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa ɗora Oracle a kan Linux. A buɗe rukunin oinstall, a buɗe asusun oracle, a tabbatar akwai fili a faifai da kuma cikin /tmp, a duba cewa na'urar ta san sunan kanta. Manhajar girkawar ba ta yarda babban asusun root ya tashe ta. Sai a ƙarshe take roƙon root ya zo ya kunna root.sh ya koma. Kuma tana son allo mai hoto, alhali manyan kwamfutocin nan yawanci ba su da shi, don haka sai an karkato hoton zuwa kwamfutar injiniya, ko a rubuta amsoshin duka a fayil a bar ta ta yi aikinta shiru. Akwai kuma iyakokin da zuciyar Linux ke gindayawa, kamar yawan fayilolin da za a iya buɗewa lokaci guda. Oracle na da lambobinsa, IBM na da nasa, kuma in sun zauna a na'ura ɗaya mafi girma ake ɗauka. IBM ma ya ba da ɗan shiri, mqconfig, da ke dubawa ya nuna inda aka gaza.

Wannan duk aikin hannu ne, mutum ɗaya zai iya. Sauran kuwa sai an zauna, domin a yawancin ma'aikatu mai kula da rumbun daban, mai kula da MQ daban, kowa da ogansa.

Ɗauki batun suna. MQ na bambance babban baƙi da ƙarami, don haka layin BIYA da layin biya ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ga kuma wani tarko: shirin da ake ƙirƙirar layi da shi, runmqsc, in ka rubuta masa suna da ƙananan baƙaƙe ba tare da ka kewaye shi da alamar zance ba, zai mayar da shi manya bai gaya maka ba. Mai MQ ya rantse ya ƙirƙiri biya, mai Oracle ya rantse ya nemi biya, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Sunan layi na iya kai baƙi 48, na hanya 20, sunan asusu kuwa a kan Linux 12 ne iyakarsa a al'adar MQ.

Sai batun wane ne kai. Gadar na da tsari biyu. A sassauƙan tsari, RELAXED, duk wanda ya biyo ta da ikon asusun gadar zai shiga. A tsattsauran, STRICT, sai an tantance suna da kalmar sirrin da rumbun ya aiko. Na farkon ya fi daɗin gwaji, kuma shi ya sa yake da haɗari, domin abin da aka ce na wucin gadi ne shi ke shekara goma. Wata gajeriyar hanya da ake sha'awa ita ce a jefa asusun gadar cikin rukunin mqm, na masu cikakken iko a kan MQ. A ganina wannan ganganci ne: shirin da aikinsa taɓa layi biyu ko uku an ba shi ikon share duka. IBM ma ya toshe wani ɓangare na wannan tun daga fitowa ta 7.1 a 2011, inda sabon manajan layi ke ƙin karɓar masu cikakken iko in daga nesa suka zo. Lambar da yake jefo wa wanda ya ƙi, 2035, kusan duk mai wannan sana'a ya haddace ta. 'Yar'uwarta 2059 cewa take ba a samu manajan ba, 2053 kuma layi ya cika. Shi ma cikar layi abin tattaunawa ne tun da wuri: in ba a sauya ba, layi saƙo 5,000 yake ɗauka, kowane saƙo kuma bai wuce megabait 4 ba, ko da yake ana iya ɗaga shi zuwa 100.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne baƙaƙe. Kowane saƙon MQ na ɗauke da lamba da ke faɗar tsarin rubutun da ke cikinsa. 1208 na nufin UTF-8, wanda ya san kusan duk rubutun duniya. 819 na nufin tsohon tsarin Yammacin Turai. 37 da 500 kuma na EBCDIC ne, tsarin manyan kwamfutocin IBM na asali, wanda ko baƙin A ba a lamba ɗaya yake ajiye shi da sauran ba. To, tsarin 819 bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, bai kuma san alamar ₦ ba. In rumbun na kan AL32UTF8, wato UTF-8 na Oracle, ya adana sunan Ɗanladi ko garin Ƙaura daidai, sannan a hanya aka juya saƙon zuwa tsarin da bai san su ba, baƙin farko ya tafi ke nan, a maye gurbinsa da alamar tambaya ko wani tarkace. Ba lallai ƙararrawa ta kaɗa ba. Saƙo ya isa, lissafi ya daidaita, suna ne kawai ya lalace, sai ranar da mai shi ya zo aka ce ba shi ba ne. Gadar ɗanyen bait take turawa, don haka tun kafin a ɗora ta ya kamata a yanke wa zai juya rubutu, mai aikawa ko mai karɓa. A tuna kuma ƙ bait biyu take ci a UTF-8, ₦ kuma uku, saboda haka gurbin da aka auna da baƙaƙen Turanci zai iya yi wa sunan Hausa kaɗan.

Mafi nauyi duka shi ne abin da zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. A ce umarni ɗaya ne: a rage kuɗi a rumbu, a jefa saƙon biya a layi. In na farko ya tabbata na biyu bai tabbata ba, an ci kuɗin mutum ba a kai ba. In akasin haka ne, an biya ba a cire ba. Duk wanda ya taɓa ganin an zare masa kuɗi alhali wanda ya tura wa bai ga komai ba ya san zafin irin wannan rami, ko da wace manhaja ce ta haƙa shi. Maganin da gadar ta tanada sunansa COMMIT_CONFIRM. Oracle zai shirya nasa aikin ya dakata. Gadar ta tabbatar da na MQ, tare da ajiye wata 'yar shaida a wani layi na musamman, duka a numfashi ɗaya. Daga nan Oracle ya tabbatar da nasa, a goge shaidar. In komai ya mutu a tsakani, bayan an dawo Oracle zai aiko tambaya: akwai shaida ko babu? In akwai, ya ƙarasa. In babu, ya warware nasa.

Amma wannan layin shaida ba ya ƙirƙirar kansa. Mai kula da MQ ne zai yi shi tun farko, ya tabbatar saƙonninsa masu ɗorewa ne, waɗanda ake rubutawa a faifai ba waɗanda ke ɓacewa in an sake kunna na'ura ba, sannan a tanadi asusun da zai shiga ya duba shi lokacin farfaɗowa. Wanda ya tsallake wannan zai ga komai na tafiya lami lafiya wata da watanni, domin sai ranar haɗari ake neman shaidar.

Ƙwararru na da wani gwaji da suke yi kafin su taɓa manhajar Oracle ko kaɗan. IBM na ba da wasu ƙananan shirye-shiryen misali, amqsputc na jefa saƙo daga nesa, amqsgetc na ɗaukowa. Sai injiniya ya shiga da asusun da gadar za ta yi amfani da shi, a kan na'urar da za ta zauna, ya rubuta saƙo ɗaya ya tura, ya je ya ɗauko. In ya dawo, ƙofa a buɗe take, suna daidai ne, izini ya samu. In 2035 ta fito, ya san teburin wa zai nufa, kuma ba wanda zai ce laifin gada ne tunda ba a ma kafa ta ba tukuna.