Ɓarnar Mota a Hannun Masu Gyara: Wa Ke da Alhakin Biya?

Daga cikin rigingimun da suka fi yawaita tsakanin 'yan kasuwa da kamfanonin dillancin motoci, ko kuma masu gareji, akwai batun ɓarnar da ke samun mota bayan an miƙa ta domin gyara. A Maiduguri, inda fatauci ya dogara kan motocin da ke zirga-zirga zuwa Kano da Baga da Bama da Gamboru Ngala, kwana guda da mota za ta yi a ajiye hasara ce ga mai ita, balle a ce ta fito daga gareji da wata sabuwar matsala. Akan kai mota domin sauya man inji ta dawo da inji a ƙone, ko a fita da ita gwaji a buga ta, ko kuma a sauya kayanta na asali da na jabu.

Tushen hukunci a nan shi ne amana. A dokar da kotunan Nijeriya ke aiki da ita, da zarar mai mota ya miƙa motarsa da makullinta ga mai gyara, kuma mai gyaran ya karɓa, to nauyin kula da ita ya koma wuyansa. Idan ta lalace ko ta ɓace a hannunsa, mai motar zai nuna cewa ya miƙa ta lafiya ta dawo da lahani, shi kuwa mai gyaran ne zai gamsar da kotu cewa ba sakacinsa ko na yaransa ne ya jawo ba. Kamfani ba zai kuɓuta ba don kurum ya ce wani yaron gareji ne ya yi, muddin yaron yana bakin aikin da aka sa shi ne a lokacin.

Muhimmancin miƙa makulli ya fito fili a hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2002, a ƙarar da Mai Shari'a Kalu Anyah, wanda ya taɓa zama Babban Alƙalin Jihar Borno, ya shigar da otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri, bayan an sace motarsa a harabar otal ɗin. Kotun ba ta ɗora wa otal ɗin alhaki ba, saboda a ganinta motar ba ta shiga hannunsa a matsayin ajiya ba. Lamarin gareji dabam ne, domin mai gyara ba ya iya aikinsa sai ya karɓi motar baki ɗaya. Saboda haka allon da wasu kan kafa cewa duk abin da ya samu mota ruwan mai ita ne, ba lalle ya wanke su ba idan aka tabbatar da sakaci.

Har ila yau, fiƙihun Malikiyya wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Borno ke bi ya daɗe da tanadin lamunin masu sana'a. Mai sana'ar da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki ko maƙeri, yana lamunce kayan da aka bar masa, sai fa idan shaidu sun tabbatar da cewa kayan sun salwanta ba da laifinsa ba. Malamai sun gina wannan hukunci ne kan maslahar jama'a, domin mai kaya ba ya ganin abin da ake yi da kayansa a bayan idonsa. Bakanike na wannan zamani ya shiga sahun waɗannan masu sana'a.

Ta fuskar dokokin gwamnati kuwa, Doka ta 66 ta shekarar 1992 ce ta kafa Majalisar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya. An maye gurbinta da dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ta kafa hukumar FCCPC tare da wata kotu ta musamman. Sashe na 130 na dokar ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a kammala masa a kan lokaci, a yi masa aiki mai inganci, sannan a mayar masa da kayansa cikin halin da bai gaza wanda ya kawo su ba. Idan aka saɓa, yana iya neman a gyara kuskuren ko a mayar masa da wani kaso na kuɗin da ya biya. Bugu da ƙari, dokar ta wajabta a jawo hankalin abokin ciniki a fili ga duk wani sharaɗi da ke rage alhakin kamfani, kafin a ƙulla ciniki.

Sai dai kuma ba kowace ɓarna ce ake ɗora wa mai gyara ba. Ambaliyar ruwan da ta mamaye Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nutsar da motoci masu yawa, a gidaje da tituna da wuraren sana'a. A irin wannan annoba, abin da za a bincika shi ne ko mai garejin ya yi abin da mai hankali zai yi wa dukiyarsa. Wanda ruwa ya ci shi cikin dare ba tare da damar kwashe komai ba yana da hanzari. Wanda ya fitar da motarsa ya bar ta abokin ciniki, ko ya riƙe mota makonni bayan wa'adin da ya ɗauka ya wuce, hanzarinsa ba zai yi ƙarfi ba. Haka nan tsohuwar mota irin ta Beljiyam tana iya zuwa da ɓoyayyen lahani wanda sai an kwance inji yake bayyana, kuma wannan ba laifin bakanike ba ne.

Galibin waɗannan shari'o'i kan rushe ne saboda rashin shaida. Don haka ya kamata mai mota, kafin ya bar gareji, ya karɓi takardar aiki mai ɗauke da lambar mota da adadin kilomitar da ta yi da aikin da za a yi da kuɗinsa da ranar karɓa. Ya ɗauki hoton jikin motar ta kowane gefe, ya rubuta kayan da ke ciki kamar batir da safaya da jak, ya kuma sharɗanta cewa ba za a taɓa wani abu dabam ba sai da izininsa, sannan a mayar masa da tsofaffin kayan da aka cire. Idan ya ga ɓarna ranar karɓa, ya nuna ta nan take a rubuta kafin motar ta fita daga ƙofa. Ya kuma nemi rahoton wani ƙwararren bakanike mai zaman kansa kafin a sake taɓa ta.

Batun inshora ma abin lura ne. Inshorar dole ta naira 15,000, wadda ta fara aiki a Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3, amma ba ta biyan lalacewar motar mai ita. Yana da kyau ɗan kasuwa ya tambayi kamfanin gyara ko yana da inshorar da ta shafi motocin abokan ciniki da ke hannunsa.

Idan saɓani ya taso, matakin farko shi ne a rubuta wa kamfanin takardar koke, a ba shi wa'adi. Idan hakan bai yi amfani ba, ana iya kai batun ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA ko ƙungiyar dillalan motoci, ko kuma zauren sulhu da ɓangaren shari'a na Jihar Borno ya kafa, kafin a dangana da hukumar FCCPC ko kotu. Mai mota ya sani cewa mai gyara yana da ikon riƙe mota har sai an biya shi ladan aikin da aka amince a kai, don haka ɗauke ta da ƙarfi na iya raunana ƙararsa. Kai ƙara ofishin 'yan sanda ma ba mafita ba ce, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kurum, sai idan akwai sata ko zamba.

Abin da kotu kan bayar shi ne kuɗin mayar da motar halin da take a da, ko darajarta a kasuwa idan ta tashi daga aiki, tare da kuɗin shigar da aka rasa a kwanakin da ta yi a ajiye. Wannan na ƙarshe sai an kawo rasit da littafin lissafi, abin da ya kamata masu motocin haya da na dakon kaya su riƙa adanawa tun kafin buƙatarsa ta taso.