Ajiye Aikin Albashi: Abin Da Tarihin Malaman Bauchi Uku Ya Nuna

Bauchi — A kowace ranar aiki, idan aka tashi daga ofis, ba duk ma'aikatan garin nan ne kan nufi gida ba. Wasu kan zarce kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal su karɓi shago daga hannun ƙane, wasu kuma su bi hanyar Dass ko ta Ningi zuwa gona. Da yawa daga cikinsu gangar jikinsu ce kawai ke ofis, zuciya ta daɗe da komawa kasuwa. Abin da ya rage musu shi ne tsai da ranar da za su rubuta takardar ajiye aiki, wadda ba wanda zai yafe wa kansa idan ya kuskure ta.

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a Bauchi. A farkon shekarun 1940 garin ya haɗa malamai uku waɗanda kowannensu ya bar aikin da ya fara da shi, kowa da irin tasa fitar.

Malam Sa'adu Zungur shi ne mai saurin yanke hukunci. Ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, lokacin da ɗan Arewa bai taɓa zuwa can ba, amma ya baro ta bai kammala ba. Ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, rashin lafiya ya dawo da shi gida, daga baya ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC a Legas daga 1948, sannan ya sake tattaro kayansa ya komo Arewa. Sunansa ya tabbata a tarihi, amma har ya rasu a 1958 bai san hutun mai albashi tsayayye ba.

Malam Aminu Kano ya zo makarantar Midil ta Bauchi a 1942. Ya yi kwas a Landan, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa, aka kai shi Maru ta lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horar da malamai. A lokacin, wannan babban matsayi ne ga ɗan ƙasa. Duk da haka a watan Nuwamba na 1950, watanni uku bayan kafa jam'iyyar NEPU, ya ajiye aikin. Ba ƙarancin albashi ya kore shi ba. Ya ga cewa abin da yake son faɗa game da mulkin En'e ba zai faɗu ba muddin gwamnati ce ke biyansa. Masu ba da labarin jarumtarsa sukan tsallake wani wuri, wato sai da ya yi shekara tara kafin ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959. Duk mai son yin koyi da shi ya fara tambayar kansa ko gidansa zai iya jure ko da kashi ɗaya cikin uku na waɗannan shekaru.

Na ukun, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai saki reshe ya kama ganye ba. Ya shugabanci makarantar Midil ɗin, ya je Landan a 1945, ya shiga majalisar Arewa a 1946, yana nan kuma a harkar ilmi har sabuwar hanyar ta tsaya da ƙafarta, ya zama ministan ayyuka a 1952, firayim minista a 1957. A ganin mai wannan rubutu, hanyarsa ce ta fi dacewa da mai iyali a yau, ko da yake ta Malam Aminu ta fi daɗin ba da labari a dandali.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba, na daɗewa fiye da kima. Kamfanin Steyr, wanda ya fara haɗa taraktoci da manyan motoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970 tare da abokan hulɗa daga Ostiriya, aikinsa ya taɓa zama abin alfahari. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan haɗin da ake shigowa da su suka yi tsada, aiki ya yi ta ja da baya. Makanikin da ya fahimci alamar da wuri ya fita da ƙarfinsa da sana'arsa ya buɗe gareji. Wanda ya zauna jiran farfaɗowa ya fita da furfura, a lokacin da koyon sabuwar sana'a ya yi masa nauyi.

Lissafin yau ya fi matsi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa naira 70,000 a 2024, amma bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa guntun gatari ya ƙara daraja a idon ma'aikaci. Sai dai doka ba ta ba shi damar raba ƙafa yadda yake so ba, domin jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Shi ya sa shagunan ke ɗauke da sunan uwargida ko na ƙane. Ranar da shagon ya girma har ya buƙaci mai shi da safe, to raba ƙafar ya zo ƙarshe, ko an so ko ba a so ba.

Kafin miƙa takarda, wajibi ne ma'aikaci ya san irin tsarin fanshon da yake ciki. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wadda ta shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, mai aiki na zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi kuma kashi 10. Wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, sai ya yi wata huɗu babu sabon aiki kafin ya iya cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, sauran ya jira. Saboda haka mai ƙirga dukan kuɗin a matsayin jarin buɗe shago ya ƙirga abin da ba ya hannunsa. Dokar ƙwadago kuma ta tanadi sanarwar wata guda ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye, ko a biya albashin watan a madadinta.

Wani abu da 'yan kasuwar Muda Lawal suka fi ma'aikacin sani shi ne albashi jingina ne. Mai shinkafa da mai gidan haya da shugaban makarantar yara duk suna yi masa haƙuri ne saboda sun san ƙarshen wata na zuwa. Da zarar labari ya bazu cewa wane ya ajiye aiki, dilan da ke ba shi kaya bashi jiya zai fara tambayar wa zai tsaya masa. Masu dabara kan biya bashin da ke kansu, su biya hayar shekara, su cika shagon da kaya tun katin aikin yana aljihu, sannan su nemi magatakarda ya buga musu takardar.