Ina Zangon Hausawa Ya Shiga A Wagadugu?

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa daga Birnin Ƙonni ya sauka Wagadugu da kayansa, karo na farko ke nan da ya taka ƙasar Barkina Faso. Da ya fito daga tasha sai ya tare ɗaya daga cikin korayen tasin nan na birnin, ya ce wa direba kalma ɗaya tak: "Zongo". A tunaninsa duk garin da Bahaushe ya je a Afirka ta Yamma, ko Kumasi ko Lome ko Kwatano, wannan kalma ta isa ta kai shi wurin 'yan uwa. Direba bai yi musu ba, ya miƙa da shi yamma, suka wuce Pisi, ya ajiye shi a wata unguwa ta bayan gari, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Bawan Allah ya duba gabas ya duba yamma, duk wanda ya yi wa sallama da harshen More yake mayar masa. Sai bayan magariba ya samu wani mai tsire da ya ji maganarsa. Shi ya ba mu wannan labari da bakinsa, yana dariya, amma ya ce a ranar ba dariya ya yi ba.

Direban bai cuce shi ba. Lallai akwai unguwa mai suna Zongo a yammacin Wagadugu, a ɓangaren Bulmiyugu, sai dai ba ita ce unguwar Hausawa ta asali ba. Haka kuma a wannan ƙasa Zongo sunan dangi ne na Mosawa, kamar na marigayi Norbert Zongo, ɗan jaridar da aka kashe ranar 13 ga Disamba, 1998. Saboda haka idan mai karatu ya ji an ce Malam Zongo, kada ya yi saurin miƙa hannu yana gaisuwa da Hausa. Zangon da baƙon namu yake nema sunansa Zangwatin, wato wurin Hausawa a harshen More, kuma ko da ya faɗi sunan daidai, abin da direba zai nuna masa dogayen benaye ne da filaye.

Zangwatin tana tsakiyar birni ne, kusa da babbar kasuwar Rood Woko da babban masallaci da titin Kwame Nkrumah. Asalinta fatauci ne. Tun kafin Faransawa su ci Wagadugu a 1896, ayarin fataken Gwanja masu zuwa Salaga sayen goro, wasunsu ta ƙasar Mosi suke ratsawa, da madugu da jagaba da jakunansu ɗauke da kanwa da tufafin Kano da fatu. Inda ayari ya saba yada zango, nan ake samun mai masauki, nan malami yake kafa makaranta, nan mahauci da wanzami suke zama, har wuri ya zama unguwa a ƙarƙashin ikon Mogo Naba. Dattawanmu sun tashi sun tarar da ita haka, gidajen ƙasa manne da juna, lunguna matsattsu, zaure a buɗe. Baƙo ba ya tambayar otal. Ya faɗi garinsu kawai, yaro ya riƙe masa jaka ya kai shi gidan mutanen Katsina ko na Gobir ko na Kabi, mai gida ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, in ta kama ya tsaya masa a kan bashi.

A 2001, zamanin mulkin Blaise Compaoré, gwamnati ta ƙaddamar da shirin nan da ake kira ZACA, na mayar da tsakiyar birnin wurin ofisoshi da manyan kantuna. Shirin ya ci fili kimanin hekta 85, ya haɗa da Zangwatin da maƙwabtanta irin su Tiyedpalogo da Pologin da wani sashe na Kuluba da Kamsongin. An yi ta ja-in-ja da zanga-zanga, amma a 2003 katafila ta shiga. Fiye da mutum dubu goma aka tasa, aka ba su diyya da filaye a gefen Waga 2000 da kuma Niyoko. A wannan shekarar dai, ranar 27 ga Mayu, gobara ta cinye kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mai karatu ɗan kasuwa ne, ba sai mun yi masa bayanin abin da ake nufi da mutum ya rasa rumfa da gida a shekara guda ba.

Ba za mu ce komai na tsohuwar unguwa alheri ne ba. Waɗanda suka zauna cikinta sun san kwatami da cunkoso da yadda damina take yi wa ginin ƙasa, kuma akwai waɗanda suka samu gida mafi kyau bayan tashin. Amma diyya ɗaki ake ƙirgawa da katanga, ba a ƙirga maƙwabcin shekara arba'in.

To, akwai abu ɗaya da ya fita daga Zangwatin tun kafin katafila, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Duk wanda azumi ya taɓa riska a Wagadugu zai ga yara da dare, bayan an sha ruwa, ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje da gangunan gwangwani. Wasu sun rufe fuska da ƙwarya da aka fafe aka yi wa fenti, wannan biri, wancan zaki, wani tsuntsu mai dogon baki, ga wutsiya ta igiya, ga tsumma da buhu an yi riga, sannan ga maharbi da kwari da baka yana zagaya su. Su yi rawa, masu gida su ba su 'yan kuɗi ko hatsi, su yi addu'a su wuce gaba. Sunan wasan Dodo. Mutanen gari da masu bincike duk sun yarda Hausawa ne suka kawo shi a ƙarni na 19, har wata Ba'amurkiya mai suna Priscilla Hinckley ta yi rubutu a kansa a 1986. Labarin da ake bayarwa na asalinsa shi ne wai wani maharbi ne ya ƙi jin magana ya fita farauta ranar Juma'a, sai aka mayar da shi wata halitta, rabi mutum rabi dabba, aka riƙa yawo da shi don ya zama ishara.

Mutumin Kano ko Zariya ko Maraɗi da ya ga wannan ba ya buƙatar tafinta. Tashe ne, irin wanda ake farawa idan azumi ya kai goma, ɗan uwan Jatau Mai Magani da Macukule, ya bi ayari ya yi zango a ƙasar Mosi, ya auri 'yar gari ya hayayyafa. Abin da zai ba shi mamaki shi ne masu yin wasan. Mafi yawansu yanzu 'ya'yan Mosawa ne, cikinsu har da Kiristoci, waƙoƙin sun koma More, in ka kasa kunne da kyau ne za ka tsinci wata kalma da ta yi kama da Hausa, ta sha wuya a bakin yara har ta sauya kama. Har gasa ake shiryawa a birnin, a fitar da ƙungiyar da ta fi iya rawa da ƙirar fuska.

Mun tayar da wannan magana a shirinmu na rediyo, kuma masu bugo waya sun rabu. Wasu sun ce an ƙwace mana al'ada, ana tallata ta da sunan wasu. Wasu kuma, musamman cikin matasan malamai, sun ce gara ma da ta bar hannunmu, don a ganinsu daren azumi na tarawihi ne da karatu, ba na rufe fuska ba. Mu dai ra'ayinmu, masu kukan ƙwace ba su yi wa maƙwabtanmu adalci ba. Ba wanda ya shiga gidan wani ya ɗauko Dodo. Yaran unguwanni ne suka gani ya burge su suka koya, kuma ba don sun koya ba, da tuni ya bi lungunan Zangwatin. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kayan da suka karɓu a kasuwar wani gari ba asara ba ne. Masu maganar ibada kuwa muna girmama su, amma yaro ɗan shekara goma da ya fafe ƙwarya da hannunsa, ya haɗa abokai, ya koyi yin sallama a ƙofar dattijo da yin godiya ko an ba shi dala biyar, ba mu ga ya fi wanda ya kwana da wayar salula a hannu lalacewa ba.

Abin da ya fi damun mu yana wani wuri. Dodo wasan lungu ne, yana son gida kusa da gida da zaure a buɗe. Sababbin unguwanni kuwa katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, wani gidan ma da kare. Mun ziyarci wani dattijo cikin waɗanda aka tasa, muka ce, "Baba, yara suna zuwa Dodo nan kuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, su zo ta ina? Kafin su buga ƙofa uku dare ya raba." Muna zaune jikokinsa suka shigo daga makaranta, suka gaishe shi da Hausa, suka juya suna hira tsakaninsu da More da Faransanci. Ya bi su da kallo bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Hausawa ba su ƙare a Wagadugu ba, kada a fahimce mu a karkace. Suna nan a mahauta da wurin masu tsire da kilishi, da masu sayar da yadi da turare da maganin gargajiya, da masallatai a unguwanni daban-daban. Abin da babu shi ne wuri guda da za a ce wa baƙo je ka can. Don haka duk mai niyyar tasowa daga Ƙonni ko Gaya ko Jibiya ko Sinkase, ya nemi lambar wayar mai masaukinsa tun yana gida, ya tambayi sunan unguwar da wata alama ta kusa, masallaci ko gidan mai, ya kuma bincika lafiyar hanyar da zai bi, domin hanyar Kancari zuwa Fada ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. In kuma azumi ya same shi a can, ya ajiye 'yan canji a aljihu saboda yaran Dodo. Baƙonmu na Ƙonni ya ce zai komo kafin salla da buhunan albasa, wannan karon mai tsiren nan ne zai tarye shi a tasha.