Shin Ko Kun San? Yunwar da Kamfa Ba Ya Kashe wa Shinkafa

Shin ko kun san shinkafa tana da abincin da babu shi a buhun kamfa 15-15-15, balle na yuriya? Zink ne, da ƙarfe, da manganis, da jan ƙarfe, da boron. Kaɗan take ci. Kafin gona ta ba da tan ɗaya, shinkafa kan zuƙi kilo 15 zuwa 20 na naitirojin, amma zink bai wuce giram 50 ko kusa da haka ba. Idan wannan ɗan kaɗan ɗin ya gaza, ko buhu goma na yuriya ba zai cike gurbinsa ba.

Ko kun san gonaki biyu masu iyaka ɗaya kan bambanta? Idan Gulbin Rima ya yi ambaliya ta Goronyo da Wurno, ko Gulbin Sakkwato ta Rabah, yashi yakan kwanta kusa da gaɓa, laka kuwa sai can cikin kwari. Laka tana riƙe sinadarai, rairayi yana sakinsu ruwa ya tafi da su. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ta raya noman rani, sai dai kowace madatsa tana tare wani kaso na sabuwar lakar da gulbi kan shimfiɗa wa fadama.

Ga abin da ya fi damu na. Ruwan da ake kwantarwa a fangali yana canza ƙasa: ƙarfe da manganis su narke su yi yawa, zink kuwa ya ɗaure, saiwa ta kasa shansa. A ƙasa mai kanwa abin ya fi tsanani, haka ma inda aka kankare saman ƙasa wajen baje gona, ko aka cika zuba takin supa. Mako 2 zuwa 4 bayan dashe sai ɗigon tsatsa ya feso a ganye, wata shuka ta miƙe, wata ta tsugune. Manomi ya ɗauka yunwar taki ce, ya ci bashi ya ƙaro yuriya. Abin tausayi ne, domin kuɗin ya tafi, ciwon yana nan.

A Indiya ana kiran wannan ciwo khaira, kuma masani Y. L. Nene ne ya gano a shekarun 1960 cewa rashin zink ke kawo shi.

Maganin ba shi da wuya: takin zink salfet, kashin shanu da ya ruɓe, da janye ruwa lokaci-lokaci ƙasa ta sha iska. Wasu kan tsoma saiwar dashe cikin ruwan zink oksaid kafin su dasa. Mai son tabbaci ya ɗebi ƙasa daga wurare da dama, ta tudu daban, ta kwari daban, ya kai gwaji sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.