So Daban, Sha'awa Daban

Yau zan taɓo wata magana da dukanmu muke jin nauyinta, amma fa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kwanakin baya na tashi daga Birnin Kudu, inda nake koyarwa, na je biki Gwaram. Ana cikin hidima sai ƙanwar wata ƙawata ta ja ni bayan ɗaki tana hawaye. Shekarunta 23, an kuma sa mata rana da wanda take so. In bai zo zance ba, ranar ko tuwo ba ta iya ci. Amma ta ce tun da ta balaga ba ta taɓa jin sha'awar nan da ƙawayenta ke raɗa a kai ba, ba a kansa ba, ba kuma a kan wani ɗa namiji ba. Ta ce, "Yaya, ko dai aljani ne ya aure ni?"

To, ke mai karatu, watakila kin san irinta, watakila ma ke ce. Ki sani ba ke kaɗai ba ce. A shekarar 2004 wani malamin jami'a a Kanada, Anthony Bogaert, ya bi diddigin amsoshin da mutum fiye da 18,000 suka bayar a Birtaniya. Ya tarar kusan mutum 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba, mata kuwa sun fi yawa a cikinsu. A 2013 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bayyana cewa wanda haka yake tun asali, ya kuma san kansa da haka, ba a lissafa shi cikin marasa lafiya.

Watau so daban, sha'awa daban. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane suna so, suna bege, suna kishi, suna kuma burin aure da 'ya'ya. Wata takan iya ba mijinta haƙƙinsa cikin daɗin rai ko da ita ba ta nema. Wata kuwa abin yakan zame mata azaba.

Amma a kula. Wadda da tana jin sha'awa sa'an nan ta ɗauke, ko bayan haihuwa, ko saboda zafi, ko tsoro, ko wani abin da aka taɓa yi mata, wannan lamarinta dabam ne. Ta je ta ga likitan mata, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu. Ku kuma 'yan makaranta, kada yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ta yanke wa kanta hukunci tun yanzu. Kunya da ƙuruciya ba rashin sha'awa ba ne. Ku dai riƙe karatunku.

Haɗarin yana wajen ɓoyewa. Mu mata mun saba, da an ji haka sai a ɗura wa yarinya kayan mata, a turara ta, a kai ta ɗaki a ce in ta shiga za ta saba. Bayan wata uku sai yaji, sai biko, sai saki, miji yana ganin an raina shi, ita kuwa ana ce mata mai taurin kai. Alhali malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa hukuncin aure ba ɗaya ba ne a kan kowa. Yana zama wajibi a kan wani, halal kawai ga wani, yana ma iya haramta in za a cuci abokin zama.

Saboda haka na ce wa yarinyar nan kada ta bari a kawo lefe bai sani ba. In bakinta ya yi nauyi, ta sami gwaggonta ko wata babba mai riƙon asiri ta isar masa. Ta faɗi abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. In ya yarda da idonsa buɗe, madalla. In ya janye, fasa baiko ya fi mutuwar aure sauƙi.

Ta bi shawarar. Saurayin ya nemi a ɗaga ranar zuwa bayan kaka don ya yi tunani, har yanzu kuwa bai daina zuwa zance ba.

Iyaye mata, in 'yarku ta zo muku da irin wannan magana, kada ku fara da salati da tafa hannu. Ku zaunar da ita ku saurara. Allah ya zaɓa wa 'ya'yanmu abin da ya fi alheri, amin.